Zurmar da ta zaɓe ni

Salamu alaikum, mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Idi ɗan Matameye, mazaunin Kumasi.

Zamanin Nasara an tilasta mana noman zurma, wato cika-gida, a gonar kumandan, Baturen mulkin Faransa. Da na taɓa 'ya'yanta sai hannuwana su kumbura, su feso da ƙuraje masu ƙaiƙayi. Gardi, dogarin kumandan, ya ce, "Lalaci ne, Idi! Ga yayanka nan garau!" Gaskiya ya faɗa, amma bulalarsa ce ta raba ni da gida.

Yanzu Yaya ya aiko in koma mu noma gonar Baba, ga zurma ta cika shingenta. Masana, me ya sa ta zaɓe ni, alhali nono ɗaya muka sha? Tana mance mutum, ko in mutu a nan?