Birki a Ƙafar Hagu

Kuɗin jirgina na zuwa Masar babur ɗina ne. Da aka hana acaɓa a Kano na sayar da shi, na haɗa da firijin matata, wadda har yau ba ta daina yi mini gori ba. Ku daina dariya, ba ku san ni a lokacin ba. Sarkin Kwana ake ce mini a tasharmu. Sai in sha kwana da buhun masara da mai buhun, hulata ko motsi ba ta yi ba.

Wani ɗalibi ɗan unguwarmu da ke karatu a can ya samo mini aiki a wata unguwa mai suna Faisal, shagon wani Ammu Fathi mai sayar da kushari, wato shinkafa da taliya da aka tilasta musu zaman kwano ɗaya. Aikina in kai wa mutane har gida. Niyyata in tara na a-daidaita-sahu in dawo da mutuncina.

Ammu Fathi ya yaye wani tsohon bargo, sai ga babur ja siriri, na marigayi mahaifinsa. Wai ƙirar Sifaniya. Ni ƙwallo kaɗai na san suna yi. Na hau, na gyara hula, na ba shi wuta. A bakin layi na taka birki da ƙafar dama kamar kowane ɗan halak, sai babur ya zabura ya kai ni cikin kwandon albasar wata baiwar Allah. Ashe giya suka sa a dama, birki a hagu.

"Ka ce mini kai gwani ne, ya basha," in ji Ammu Fathi. A can kowa basha ne, wato ranka-ya-daɗe.

"Gwani ne ni, Ammu. Wanda ya ƙera wannan ne ba shi da tarbiyya."

Ya ce ma'alish, wato ba komai. Mutanen can ko gini ne ya faɗo maka, ma'alish ne maganinsa.

Bakanikenmu, wani tsoho da ake kira Usɗa Ramadan, shi ya ba ni tarihin masifar. Ya ce akwai zamanin da Sifaniya ta toshe ƙofa, babur ɗin waje ba ya shiga, sai ƙananan kamfanoni suka yi ta tsirowa, wani ma da keke ya fara, kowa yana ƙera nasa yadda ransa ya so. Da aka buɗe ƙofa na Japan suka shigo, ƙananan kamfanonin suka rinƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Namu yana cikin waɗanda ko a can an manta da sunansu. Na tambaye shi wa zan kai wa ƙara. Ya nuna mini sama.

Ni da aka sani da gayu, sai da Usɗa ya ɗaura mini jan tsumma a ƙafar hagu don in rinƙa tunawa. Haka nake ratsa mikrobas-mikrobas ɗin Faisal, ƙananan motocin hayarsu, direbobi suna leƙowa suna ce mini salamtak, wato sannu, sun zaci rauni ne. Da ƙyar ƙafar ta haƙura ta koya.

Ta koya ke nan giyar ta kakkarye daga ciki. Usɗa ya ce dukan da na yi ta yi mata ne da sunan birki; ni na ce tsufa ne. Muka bi masu kayan gyara daga Faisal har Wustul Balad, tsakiyar birni, kowa ya juya karyayyen ƙarfen a hannu ya ce bukra, wai gobe. Wani maƙeri ya sassaƙa mana irinsa, bai kai la'asar ba ya tsinke.

Na roƙi Ammu Fathi ya sayo ɗan Chana. Ya ce shi ba don kushari ya ɗauke ni ba, so yake ya rinƙa jin kukan babur ɗin babansa a layi. Ya mayar da bargon ya rufe.

"Khalas, ya basha. Shi ke nan."

Na dawo Kano babu a-daidaita-sahu. Washegari na ari babur ɗin ƙanena Sabitu, in nuna wa unguwa cewa Sarkin Kwana ya iso. A kwanar masallaci, gaban dattawa, ƙafata ta hagu ta taka birkin da babu shi. Katangar liman ce ta tsayar da ni.

Shi ya sa kuke ganina a ƙasa ina tafiya. Ƙafar ƙwararriya ce, babur ɗinta ne aka daina yi.