Hannu a Kan Sifika

A bencin shagon mai gyaran rediyo, wata tela na zaune riƙe da fedar keken ɗinkinta, sai ta hango irinta a cinyar mutumin da ke gefenta.

"Malam, kai ma ɗinki kake yi?"

"A'a, Inna, ta jita ce, wadda nake kaɗawa. In na ɗaga ƙafa, sauti garau yake fita. In na riƙa takawa a hankali, sai ya soma kaushi, ya yi ta kumbura har ya zama gurnani."

"To me ya kai ka ɓata sauti mai daɗi?"

Ya shafa fedar.

"'Yata ba ta ji. Hannu take ɗorawa a kan sifika. In gurnanin ya zo gaba ɗaya, sai ta firgita ta janye. In ya taso kaɗan-kaɗan kuwa, sai ta lumshe ido, ta nuna min da hannu wai ruwan sama ne ke tahowa daga nesa."

"Yaushe fedar ta lalace?"

"Yau kwana tara. Kullum sai ta je ta taɓa sifikar."

Mai gyara ya miƙo hannu wajen telar. Ta mayar da tata cikin jaka.

"Fara da tasa, ɗana. Ɗinki ya jira."