Ba Sa Dawowa

A gidan wasan rawar Turawa ta bale da ke birnin Perm, ana hutun tsakiyar wasa, wani dattijo ya zo karɓar kwat ɗinsa a ma'ajiyar riguna. Wata mata tana zaune a gefe tana sauya takalmi.

"Baba, tafiya za ka yi? Ai da sauran rabi."

"Na karanta takardar shirin, sun ɓata ƙarshen. A littafin da suka ɗauko labarin, uban ya kori 'yarsa, ya mutu bai sake ganinta ba. Su kuma wai ta dawo, har su yi rawa tare!"

"To me ya yi zafi? Rawa ce, ba jarrabawa ba."

"Ƙarya ce tsagwaronta! Littafin da muka haddace a makaranta, yaran zamani sun mai da shi alewa."

"Ni don wannan ƙarshen nake zuwa, duk lokacin da aka sa wasan."

"Kina zuwa a ruɗe ki ke nan."

"Rage murya, Baba, ana kallonmu."

"A kalla mana! Ba sa dawowa, 'yar nan. Wadda ta fita da akwati, ta fita ke nan."

"Suna dawowa in an kira su! Ni kullum wayata tana hannuna, amma nawa uban ko sau ɗaya..."

Ta sunkuya tana ɗaura takalminta. Ƙararrawar komawa ta buga. Dattijon ya tsaya da hannu ɗaya cikin kwat.

"In ya kira ki yau, za ki ɗauka?"

"Ban sani ba."

"To kin gani," in ji shi a hankali. "'Yata Taisiya ma ba ta ɗauka."