Rimin da Alhaji Bai Sa wa Suna Ba

Salamu alaikum Malam mai karanta wasiƙunmu. Ni ce Hajiya Rabi daga Dagenham a Landan.

Sai ranar da na fita takaba na buɗe rumfar lambun da kansul, wato ƙaramar hukumarmu, ta ba maigidana aro, sannan na gane aikin da yake yi. Marigayi Alhaji Yakubu ɗan ƙabilar Dagomba ne. In ya fara zancen sunayen kaya da yarensu, nakan tsokane shi in ce, "Alhaji, wa zai tambaye ka sunan fartanya a Landan?" Sai ya yi dariya ya ce, "Jikokinki, Hajiya."

Ashe da ƙusa mai zafi ya rubuta sunayen kayan noma da yarensu na Dagbani a jikin ƙota. Fartanya ita ce kuli. A bangon katako kuma ya zana itatuwan garinsu, ya rubuta taaŋa ƙarƙashin kaɗanya, doo ƙarƙashin ɗorawa. Wallahi zanen ya yi kyau, har na yi hawaye.

Ƙarshen wata kansul za ta karɓi lambun, zan cire katakon in kai wa jikoki. Amma ya zana rimi, ciwo ya kwantar da shi bai rubuta sunansa ba, ni kuma ba na jin yaren. Don Allah Dagombawa masu sauraro, ku taimake ni. Har yau ƙarƙashin rimin nan babu rubutu.