Gurbi Ɗaya a Sunan Garinmu

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Isufu, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Malbaza.

Ni da abokin aikina Mushe Habu, wato Malam Habu, muna tseren cike wasan kalmomi na jaridar Faransanci, kuma kullum shi ke riga ni. Jiya sai ga tambaya: gari kusa da Malbaza, harafi tara. Garinmu ne! Na rubuta Dogarawa, gurbi ɗaya ya rage. Habu, da shi ma ya maƙale, ya ce, "Ɗan gari, sunan gidanku ya gagare ka?" Sai na tuna allon bakin hanya, inda aka rubuta shi da G, U, E maimakon G, A. Nan take komai ya zauna, na riga shi karon farko.

Don Allah ku gaishe min da Habu, ku tambaye shi ko ya gama nasa.