Tawul ɗin da Ba a Jefa Ba

A tashar bas ta garin Pontypridd, wani tsoho ya leƙa hoton da Nesta Probert ta ɗora a cinyarta.

"Ai wannan Emrys ne, bijimin 'yan dambenmu masu nauyi! Baiwar Allah, kin san shi?"

"Na ɗan san shi."

"Namijin duniya! Karo talatin da ɗaya, bayansa bai taɓa ƙasa ba. A na ƙarshen, tun turmi na bakwai idonsa ya rufe, amma ya kai na goma sha biyu a tsaye."

"An ce ko kujerarsa ta hutu tsakanin turmi da turmi ba ya ganewa."

"Ai ni ne mai kula da shi a filin, ni nake jan sa in zaunar! Tawul ɗin ma a kafaɗata yake. Alƙalin wasa sai kallona yake, wai in jefa a tsai da wasa. Na ce ina! Ɗan mahaƙan kwal ba a jefa masa tawul a gaban mutanen garinsu."

"Sau huɗu ina zuwa hukumar dambe," in ji Nesta, "don su yarda kawai cewa ana kallo aka nakasa mini miji. Suka ce in kawo shaida."

Tsohon ya juya yana duban hanya. "Motar nan ta makara."

Ta zaro wani ƙaramin tawul daga jaka, ta rataya masa a kafaɗa.

"Shekara ashirin da shida ina goge masa yawu. Riƙe, malam. Tare za mu, ka maimaita musu da bakinka."