Ranar da Yayana Bai Rama Ba

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu, iyayena, yayyena da 'yan uwana matasa. Sunana Rahila. Ni ce mai zama a bencin baya kusa da taga. Ranar Lahadi da Fasto ya ce masu shaida su fito, na yunƙura zan tashi, sai na koma na zauna. Shi ya sa na rubuta, don a karanta muku a taron matasa.

Shaidar a kan yayana ce, Yaya Ishaya. Da yawanku kun fi saninsa da sunan da 'yan kallo suka laƙaba masa, Guduma. Mai tsaron baya ne a wata ƙungiyar ƙwararru can birni, ana biyansa albashi, ana nuna shi a talabijin. Duk ranar da suke da wasa, gidan kallon da ke bakin kasuwarmu cika yake yi. In ya kwashe ƙafar ɗan wasa, ihun har tsakar gidanmu muke jinsa. Washegari a makaranta a yi ta cewa, "Ku ba ƙanwar Guduma hanya."

Amma ni na san abin da talabijin ba ta nunawa. Kafin Yaya ya kai duka, akwai wata jijiya da ke motsi a ƙasan kunnensa na hagu, daga nan sai ya daina ƙifta ido. Tun ina ƙarama na koyi kallon wurin. Da na ga ta motsa, sai in ɗauki kwanona in koma bayan rumbu.

Jan kati ya yi ta zuwa. Ya daki wani da gwiwar hannu, aka dakatar da shi na ɗan lokaci. Ya dawo ya yi wa wani gware. Aka ci shi tara, aka ja masa kunne, ya sake dawowa. Sai ranar Habibu.

Habibu ɗan wasan gaba ne na wata ƙungiya, mutumin Tsiga, nan ƙasar Bakori. Ya yanke Yaya da ƙwallo har Yaya ya zauna a ƙasa, 'yan kallo suka yi dariya. Ƙwallon ta riga ta fita, alƙalin wasa ya riga ya busa, amma Yaya ya bi shi ya dira masa a ƙwauri da ƙafa biyu. Nan take ƙashin ya karye.

Kwamitin ladabtarwa na hukumar ƙwallo ya zauna. Suka ce gargaɗi ya ƙare, suka hana shi wasa ba tare da sun sa ranar dawowa ba. Ƙungiyarsa ta sallame shi. Ya ɗaukaka ƙara, ya dawo gida da jakarsa yana jira.

Farkon damina ne. Gidanmu ya zama gidan tafiya da sanɗa. Mama ta daina kunna rediyo don kada a zo labarin wasanni. Ranar huɗar masara ɗaya daga cikin shanun huɗarmu ya karkace daga layi, Yaya ya ɗauki ƙotar fartanya ya sauke masa a fuska. Har yau san nan da ido ɗaya yake gani.

Baba bai ɗaga murya ba. Ya wanke wa san idon da ruwan gishiri, sannan ya juyo.

"Ishaya, a can kati ake ba ka. Ni ba ni da kati. Amma ka sake ɗaga hannu a kan mutum ko dabba, ka bar mini gidana. Ko na mutu kada ka zo jana'iza."

Kun san Baba. Ba ya maimaita magana.

Mama da zumuntar mata suka yi ta addu'a da azumi Allah ya sa a ɗage hukuncin. Ni ma na yi. Shiru. Yaya ya daina zuwa sujada. In ya ga Mama a durƙushe sai ya ce, "Mama, ki tausaya wa gwiwoyinki. Mutanen nan sun gama da ni." Na riƙa kwana ina tashi da tunani ɗaya: ba ko zai sake duka ba, wa zai daka.

Ana cikin haka muka ji labarin Habibu. An sa masa filasta a asibiti, amma ya ji tsoron kada ƙungiyarsa ta ɗauki wani a madadinsa. Ya yanke filastar da kansa tun lokaci bai yi ba, ya koma atisaye. Ƙashin ya haɗe a karkace. Su ma suka sallame shi, aka maido shi Tsiga.

Baba ya ce, "In ɗanka ya ji wa ɗan wani ciwo, ba a gaisuwa ta waya. Ishaya, sa rigarka." Ya kama kaji, Mama ta yi waina. Ƙugunta na ciwo, don haka ni aka ɗora wa kwandon, in kai wa matan gidan.

Muka hau mota zuwa Bakori, daga can muka hau babur. Duk hanya kajin na ta kuka.

Mahaifin Habibu, Malam Sale, ya tarbe mu a zaure. Suka gaisa da Baba, gida, gona, ruwan bana. Sannan ya dubi Yaya.

"Wannan ne?"

"Shi ne, Malam."

"To. Ku zauna."

Ashe mun zo a ranar da aka kira maɗori. Wani ɗan tsoho ne siriri, yana zaune yana fere karan dawa daidai tsawon ƙwauri, ga tsummoki da man shanu a gefensa. Habibu na kwance a tabarma, ya rame, ƙafar ta lanƙwashe kamar lauje. Maɗorin ya ce babu yadda za a yi sai an sake karya ƙashin kafin a ɗora shi daidai, kuma sai da ƙarfafan da za su danne shi. Ga shi yayyen Habibu sun tafi cin kasuwa, kawunsa kawai ke nan.

Habibu ya ɗago kai ya ga Yaya. Ya yi wata irin dariya.

"A'a, ga gwani ya iso. Baba maɗori, ku huta abinku. Wannan ba ya neman masu dannewa, taku ɗaya yake yi."

Babu wanda ya taya shi dariyar. Maɗorin ya ƙare wa damatsan Yaya kallo.

"Kai, zo ka zauna a bayansa, ka rungume ƙirjinsa da hannuwansa. Kome ya yi maka kada ka saki. In ka saki ina tsakiyar aiki, ƙafar ta tafi ke nan."

Baba ya gyara zama. "Malam, wannan yaron nawa, halinsa..."

"Ni ƙarfi nake nema, ba hali ba."

Na shiga cikin gida na gaida mahaifiyar Habibu. Ba ta tambaye ni ko ni 'yar wane ce ba, ta sani. Ta miƙo mini ƙwaryar ruwan ɗumi ta ce, "'Yar nan, kai musu bakin zaure, ni ba zan iya ba." Ta koma ɗaki ta toshe kunnuwanta da mayafi. Na tsaya a bayan asabari da ƙwaryar, ina ganinsu ta tsakanin tsinkayen.

Kawun ya danne lafiyayyar ƙafar, Baba da Malam Sale suka riƙe cinyar. Maɗorin ya yi addu'arsa ya tofa, ya shafa man shanu, ya yi ta lalube da babban yatsa yana tambayar Habibu ƙwallo nawa ya taɓa ci. Habibu ya buɗe baki zai amsa, sai tsohon ya danna.

Ƙarar kamar an ɓalla ɗanyen rogo.

Habibu ya kurma ihu. Ya buga ƙeyarsa a hancin Yaya, jini ya ɓalle. Hannunsa ɗaya ya kuɓuce, ya shiga naushin Yaya a baki, a ido, a kunne. Ya cije shi a damtse. Ya zage shi, ya zagi Baba, sannan ya zagi Mama da zagin da ba zan rubuta ba.

Na ga jijiyar ta motsa. Na ga Yaya ya daina ƙifta ido. Hannunsa na dama ya rabu da ƙirjin Habibu, ya dunƙule, ya tashi sama. Baba ma ya gani, ya sunkuyar da kai. Maɗorin bai gani ba, yana ta jan ƙashin yana cewa, "Riƙe, riƙe."

'Yan uwa, ban san doguwar addu'a ba. Na manta hukuma, na manta ƙara, na manta duk abin da muka yi watanni muna roƙo. Abin da ya fito daga bakina ke nan: "Yesu, riƙe hannun nan. Hannun kawai. Ka riƙe shi." Ruwan ƙwaryar na zuba a kan ƙafafuna, ina ta maimaitawa.

Hannun ya tsaya a sama. Sannan ya buɗe. Ya sauko ya kama hannun Habibu da ke dukansa, ya naɗe shi a ƙirji, ya matse. Na ji Yaya ya ce masa a kunne, "Yi ta zagi. Kada dai ka motsa ƙafar."

Haka ya riƙe shi, jini na ɗiga daga haɓarsa a kan kafaɗar Habibu, har aka jera karare aka ɗaure. Yabo ga Ubangiji!

Da ma a ce nan shaidar ta ƙare.

Da numfashin Habibu ya dawo, ya ce ba tare da ya dubi Yaya ba, "Kada ka ɗauka ka biya. Ban yafe ba. Kada ka sake taka zauren nan."

Malam Sale ya ce, "Habibu."

"Baba, ƙafata ce."

Malam Sale ya raka mu bakin hanya, ya yi godiyar kaji, ya ce Allah ya kai mu lafiya. A mota Baba ya miƙa wa Yaya hankicinsa ya ce, "Goge, kana ɓata wa mutane kujera." Abin da ya faɗa ke nan har muka iso gida.

Hukumar ta yi watsi da ƙarar. Hukuncin yana nan, kuma shekarun Yaya na tafiya. Ƙafar Habibu ta miƙe amma ta gajarce, mun ji yana ɗingishi, ba zai sake buga ƙwallo ba. A gidan kallo yanzu sunan wani mai tsaron baya suke kira, shi ma irin shigar Yaya yake yi, suna masa tafi.

Yaya bai dawo sujada ba. Da na yi ƙarfin hali na gaya masa na yi addu'a a bayan asabarin, sai ya ce, "Ke kika ce. Ni dai gajiya na yi." Fushin bai tafi ba. Makon jiya ya yi ƙwallo da bokitin Mama har ya fashe. Duk muka tsaya muna kallon Baba. Baba ya ɗaga bokitin ya juya shi ya ce, "Wannan ba mutum ba ne, ba dabba ba. Gobe ka sayo wani."

Ban kawo muku labarin wanda ya warke ba. Abin da muka roƙa ba a ba mu ba, kuma ban san dalili ba. Abin da na gani da idona shi nake shaida: hannun da babu alƙalin wasa ko kwamitin da ya iya tsayar da shi, ya tashi a kan mutum, an tsayar da shi. Sau ɗaya ne. Domin wannan sau ɗayan nake gode wa Allah.

Ku da kuke da irin wannan a gidajenku, na san kuna nan ko ba ku faɗa ba, kada ku daina kiran sunan Yesu, ko da kalma biyu ce ta rage muku. Ku sa Habibu a addu'a, ko da yake bai roƙe mu ba. Ku sa yayana.

Yau da safe a gidanmu ya sha koko, ya ɗauki lauje ya tafi yankan dawa tare da Baba. Gobe ban sani ba. Na gode wa Yesu domin yau. Amin.